Aikin Masanin Duwatsu a Gwamnati: Hanyar da Na Bi a Kano

Duk wanda ya ji an ce wane ya karanta jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, man fetur yake fara zuwa masa a rai, ko zinare. A Kano ba haka abin yake ba. In ka shiga aikin gwamnati da wannan takardar a jihar nan, mafi yawan shekarunka a kan ruwa za su ƙare: ina yake, zurfinsa nawa, zai ishi jama'a ko ba zai isa ba, mai kyau ne ko gurɓatacce. Ina so in bayyana hanyar tun daga tushe, saboda ƙannenmu masu cike fom ɗin JAMB, da kuma iyayen da ke tare ni a wajen ɗaurin aure suna tambaya ko karatun nan yana ciyar da mai shi.

A Gwammaja na tashi, dutsen Dala yana gabana safe da yamma. Babbar sakandare kuwa a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa na yi ta, ɗaya daga cikin biyun farko da gwamnatin Kano ta buɗe a 1977, ita da ta Dawakin Kudu. A can kusan kowa likita yake son zama ko injiniya. Wani malaminmu ne ya jefo mana tambaya a aji: me ya sa kan Dala yake a baje? Ya ce mu lura, da Dala da Goron Dutse duk samansu shimfiɗaɗɗe ne, kuma duk marmara ce ta rufe su, mai tauri, cike da ƙarfe. Marmarar ce ta kare abin da ke ƙarƙashinta, ruwan sama ya yi ta zaizaye ƙasar da ke kewaye tsawon zamani, su biyun suka rage a tsaye. Ke nan wanda ya hau Dala tsohon doron ƙasar Kano yake takawa, mu da muke ƙasa a inda aka cinye muke zaune. Ya ƙara da cewa tamar da ke cikin marmarar ita ce ta jawo maƙeran farko suka zauna a gindin dutsen. Bayan an tashi na bi shi ofis na tambaye shi me ake karantawa a jami'a a san irin wannan.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin ɗalibin kimiyya ba: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks a ciki, sai bayoloji ko labarin ƙasa. Haɗin darussan JAMB yana ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba kundinsu na shekarar kafin a cike. Abin da ya fi jarrabawar wuya a wajena shi ne shawo kan gida. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, da na gaya masa sai ya ce, "Yanzu kai duk karatun duniya ka rasa abin karantawa sai dutse?" Ƙaninsa, wanda ya yi aikin famfo shekara da shekaru, yana zaune a wurin. Ya ce, "Yaya, ƙyale shi. Masu nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse ai su ne." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, in dai ruwa ne, Allah ya sa albarka."

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na samu. A yau ɗan Kano ba sai ya bar jiha ba, domin akwai sashen a Jami'ar Bayero, akwai kuma a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Karatun shekara huɗu ne. Shekarar farko maimaicin kimiyya ce, ba ka ganin dutse sai a hanyar zuwa aji. A ta biyu ake fara ainihin abin. Za a miƙo maka dutse a hannu a ce ka faɗi abin da ke cikinsa: launinsa, ƙyallinsa, yadda yake fashewa, ko farce yana kartarsa, ko wuƙa, ko kuwa shi ne yake kartar gilashi. A ɗiga masa ruwan asid, in ya yi kumfa ka san dutsen siminti ne. Daga nan a shiga ɗakin bincike, inda ake yanko ɓallin dutse a goge shi har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, a manna a gilashi, a sa a na'urar ƙara girma. Dutsen da ka sani toka-toka sai ka gan shi da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, kowane ƙwayar ma'adini da iyakarsa. Har yau ban ga abin da ya kai wannan kyau a karatun ba.

Amma ba a ɗaki ake zama masanin duwatsu ba, da ƙafa ake zama. Fitarmu ta farko dutsen Kufena aka kai mu, nan bayan Zariya, kowa da guduma da kamfas da littafin rubutu. A nan aka koya mana auna inda tsagar dutse ta dosa da yadda ta karkata, da zana abin da ido ya gani kafin a ce komai a kansa. Irin dutsen Kufena, mai taurin da ake kira giranit, da mafi yawan duwatsun da ke ƙarƙashin Zariya da Kano, sun daskare ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wani Bature mai suna Falconer ne ya rarrabe su tun a 1911 da wani rukunin giranit da ya zo daga baya, irin na Jos, wanda shekarunsa suke tsakanin miliyan 140 zuwa 200 da 'yan kai. Wannan rarrabewar ba ta ado ba ce, domin kuza a cikin na bayan take. Wasu sukan tambaye ni ko waɗannan miliyoyin shekaru ba sa taɓa mini imani. Ba su taɓa ba ko sau ɗaya. Allah da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta, ni kuwa duk inda na duba ƙarin tsoronsa nake samu.

Tafiyar da ta fi zauna mini ita ce ta Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, can kudancin jiharmu. Ɗan Kano da yawa bai san cewa muna da namu yankin kuza ba. Duwatsun wurin a zagaye suke, gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne da samansa ya zaizaye, kuma akwai jijiyar ma'adini da ta ratsa shi daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 5, ɗauke da kuza da tutiya. An yi ramin haƙa na ƙarƙashin ƙasa a can, aka zuba dukiya, sannan farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, harkar kuza ta durƙushe a ko'ina. Mun tarar da mutanen gari suna wanke ƙasa a ƙwarya suna tsince baƙar kuzar da hannu. Wani dattijo a cikinsu ya ɗauki dutse ya juya shi sau ɗaya ya ce babu komai a ciki, mu kuwa da madubinmu sai da muka daɗe kafin mu yarda da shi. Mun je Ashaka mun ga dutsen siminti da bawon halittun teku a jikinsa, shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Gombe.

Iyaye su sani, waɗannan tafiye-tafiyen kuɗi suke ci. Akwai kuɗin mota da abinci, da takalmi mai ƙarfi, da guduma da madubin hannu, ban da kuɗin makaranta. Na san ɗalibai masu ƙwazo da abin ya kusa kayar da su. Kuma kada a ce karatun maza ne. 'Yan matan ajinmu da hijabinsu suka hau duk dutsen da muka hau, wadda ta fi kowa iya zana taswira a cikinmu ma mace ce.

A shekara ta uku ake tura ɗalibi wata shida ya koyi aiki a waje. Ni wani kamfanin haƙa rijiya na samu a nan Kano, kuma a can na fara ganin cikin ƙasar garinmu da idona. A shekarar ƙarshe kuma a yanka maka yanki a taswira, a ce je ka taka shi ka dawo da taswirar duwatsunsa da rahoto. Kafin ka ɗaga guduma, ka fara zuwa gaban dagaci da takardar makaranta ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, in ba haka ba a ɗauke ka mai neman zinare ko mai auna gonaki. Ka bi rafuka, domin a nan ruwa ya yaye ƙasa dutse ya bayyana. Ka rubuta komai a wurin, kada ka ce sai ka koma masauki.

Ina dab da gamawa labarin Zamfara ya ɓulla a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suna kawo dutsen zinare gida suna daka shi suna niƙawa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara, yara sama da 400 suka rasu. Duk ɗalibin shekara ta biyu zai iya gane dutsen dalma in an miƙa masa. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan: ilimin yana nan, amma babu mai shi a kusa da waɗannan iyayen. Abokaina da yawa Fatakwal da Legas suke hange, kamfanonin mai, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai daga lokacin zuciyata ta karkata ga aikin gwamnati.

Hidimar ƙasa koyarwa na yi a wata sakandare. Wanda ya samu hali ya nemi a tura shi ma'aikatar ruwa ko ta ma'adinai, shekarar za ta fi yi masa amfani. Bayan na dawo aiki bai zo da wuri ba. Na koma bin masu awon rijiya ana biyana kuɗin yini, ina jan waya ina buga ƙarfe, har aka yi sanarwar ɗaukar ma'aikata. Ƙofofin gwamnati ga mai wannan takardar ba su da yawa, amma akwai su. A tarayya akwai Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, NGSA, wadda asalinta tun 1919 ne, ta daɗe da hedikwata a Kaduna kafin ta koma Abuja, kuma manyan ɗakunan gwajinta suna Kaduna har yanzu. Akwai ma'aikatar ma'adinai, akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da hedikwatarta take nan Kano. A jiha akwai ma'aikatar ruwa da hukumominta, da masu kula da muhalli. Na haɗa takardun makaranta, da ta hidimar ƙasa, da ta haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, na miƙa.

A wajen ganawa, wani dattijon darakta ya yi mini tambaya ɗaya da ta tattare aikin gaba ɗaya. Ya ce me ya sa rijiyar burtsatse a wajen Gumel ko Haɗejiya take ba da ruwa a yalwace, amma a Kano sai a haƙa biyu a layi ɗaya, ɗaya ta kawo ɗaya ta bushe? Amsar ita ce ƙasar ba ɗaya ba ce. In ka doshi arewa maso gabas, ka shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, ruwa yana kwance a cikin yashin ko'ina. Birnin Kano da kudancinsa da yammacinsa kuwa a kan tsohon dutse suke, wanda ba ya shan ruwa. Ruwanmu a wuri biyu kawai yake samun mazauni: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagogin lafiyayyen dutsen da ke ƙasa. Kamar soso ne aka ɗora a kan daɓen siminti mai tsaga. Inda soson ya yi kauri ko tsagar ta yi faɗi, nan ruwa yake, taku kaɗan gaba kuwa babu. Ya gyaɗa kai ya ce in tafi.

Mai digiri a mataki na 8 na albashin gwamnati yake farawa. Bayan shekara biyu a tabbatar masa da aiki, daga nan ƙarin girma duk shekara uku in an yi jarrabawa kuma akwai gurbi: 9, 10, sai a tsallake zuwa 12, 13, 14. Daga 15 zuwa 17 matakin daraktoci ne. Ritaya a shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. A takarda ke nan. A zahiri ƙarin girma yakan makara, kuɗinsa ya fi shi makara. Sai rajista da COMEG, majalisar da dokar soja mai lamba 40 ta 1990 ta kafa don tantance injiniyoyin ma'adinai da masana kimiyyar ƙasa. Kada a yi wasa da ita, domin ita ce take ba sa hannunka nauyi a kan rahoto. Akwai kuma ƙungiyarmu ta masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa, NMGS, wadda aka kafa a 1961, tana taro duk shekara.

Yanzu ga aikin kansa. In aka ce za a yi wa gari rijiya, mu ake fara turawa awo. Na'urar akwati ce da batir, da ƙarafa huɗu da ake kafawa a ƙasa a layi ɗaya, da nadin waya. Biyu na waje suna tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya suna auna yadda ya ratsa. Duk lokacin da aka ƙara nisanta na wajen, lantarkin yana ƙara nitsewa, sai ka karanta abin da ke can ƙasa. Lafiyayyen dutse yana tare lantarki, lambar ta yi sama. Yumɓu yana sakinsa, lambar ta faɗi ƙasa sosai. Ruɓaɓɓen dutse mai ruwa yana tsakani, shi muke farauta. Da bazara ƙasa takan bushe har ƙarfen ya ƙi kama wuta, sai an zuba masa ruwa a gindi, wani lokacin da ɗan gishiri. A cikin birni kuwa wahalar ta fi haka: kwalta, katanga, wayoyin lantarki, ga babu filin da za a ja waya mita 100 kowane gefe.

Na'urar ba ta ganin ruwa. Wannan nake so kowa ya riƙe, domin akwai masu yawo da ita suna rantsuwa. Alama take bayarwa, mai ilimi ya haɗa da abin da ya gani: inda rafi ya bi, inda dutse ya leƙo, zurfin tsofaffin rijiyoyin garin, abin da mahaƙan gargajiya suka ce sun tarar. Ba na fara awo sai na zauna da mahaƙin rijiyar garin, domin shi ya shiga cikin ƙasar da jikinsa.

A wani gari a yammacin jihar, dagaci ya so a kafa rijiyar a ƙofar gidansa, kuma yana da hujja, nan ne tsakiyar gari. Awo ya nuna dutse ya taso kusa a wurin. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in aka haƙa a nan, ruwan da za a samu ba zai kai bazara ba. Can bayan makaranta, wajen kukar nan, ƙasar ta fi kauri." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kuɗin na gwamnati ne, amma ƙishirwar tamu ce. Ka tabbata?" Na ce, "Tabbas na Allah ne, ranka ya daɗe, amma a can na fi sa rai." Ya ce a kai can. Irin wannan maganar, faɗa wa babba abin da ba ya son ji cikin ladabi, babu darasinta a jami'a, kuma rabin aikin ke nan.

Ranar haƙa, wurina yana gefen injin. Kwamfuresa tana hura iska, gudumar da ke bakin ƙarfen tana dukan ƙasa, abin da ta farfasa yana fitowa sama. Duk mita ɗaya ko biyu nakan tari ƙasar a hannu in jera ta a layi a gefe, tsibi-tsibi. Jar ƙasa ce take fara fitowa, sai marmara, sai wani yumɓu fari-fari mai santsi. Can sai ka ji tsakuwa-tsakuwa a tafin hannunka, ƙwayoyin dutsen sun fara bayyana amma suna murƙushewa, ka san an shiga ruɓaɓɓen dutse. In aka isa lafiyayyen, ƙarar gudumar takan canza, ta koma kaifi, ƙura mai toka-toka ta turnuƙe kowa. Sai a ci gaba ana sauraro. Idan ƙurar ta ɗauke farat ɗaya, abin da ke fitowa ya yi danshi, ƙarfen ya ɗan zurma, an faɗa tsaga. Jim kaɗan ruwa ya yi tsiri sama, yara su ɗauki ihu, mata su yi guɗa. A yankinmu sau da yawa tsakanin mita 30 zuwa 60 ake gama magana.

Jama'a a nan suke ganin an gama, ni kuwa a nan nawa aikin yake farawa. Bututu mai ramuka dole ya zauna daidai inda ruwan yake shigowa, kuma layin ƙasar nan da na jera shi ne zai nuna wurin. A zuba wankakkiyar tsakuwa a kewayensa don ta tace yashi. A toshe saman da siminti don kada ruwan kwata ya gangara ta gefen bututun. A hura rijiyar har ruwan ya washe. A sa injin ya yi ta ja na sa'o'i ana auna yadda ruwan yake sauka da yadda yake dawowa, domin da wannan ake sanin ko famfon tuƙa-tuƙa za ta ɗauka ko injin sola da tanki. A kai ruwan ɗakin gwaji. Duk ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne a wajen ɗan kwangila, kuma duk a ƙarƙashin ƙasa suke, ba mai gani. Na sha zama da wanda yake so in sa hannu a kan zurfin da bai kai ba, ko in kau da kai a kan tsakuwar da bai zuba ba. Wani da lallashi yake zuwa, wani da sunan wani babba. Rijiyoyin da kuke gani a ƙauyuka sun mutu shekara ɗaya bayan an yanke ƙyalle, da yawansu ba ruwa ne ya ƙare ba, a ranar haƙa aka kashe su. Ma'aikacin da yake tsaye a wurin shi kaɗai ne idon mutanen garin.

A ofis kuma akwai masu zuwa da dutse a ƙulle cikin leda ko a aljihu, sun rufe ƙofa kafin su kwance. Mafi yawa abin da ke ƙyalli a ciki ba zinare ba ne. Nakan goga shi a bayan fasasshen tangaran a gabansu: zinare rawaya yake bari, wannan kuwa baƙi. In buga shi da guduma: zinare lanƙwashewa yake, wannan rugurgujewa. Ba daɗi ka ga fuskar mutum ta faɗi, amma gara nan da ya sayar da gona. Wanda kuma abinsa na gaske ne, ina gaya masa gaskiyar doka. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ita take tafiyar da shi, lasisi kuma daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa. Gwamna ba ya bayarwa, hakimi ba ya bayarwa. Sannan ina roƙonsa kada ya daka dutse a cikin gida.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne birnin kansa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga matatar Tamburawa, amma gari ya yi faɗin da bututu bai bi shi ba. Sababbin unguwanni da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suke rayuwa. Kowa ya samu kuɗi sai ya kira masu inji, a fili ɗan ƙarami, masai a nan rijiya a nan, alhali ana so a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Ga ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, ga abin da kogin Jakara yake kwasa. Ruɓaɓɓen dutsen da muke sha daga cikinsa ba shi da zurfin da zai tsare kansa daga wannan.

Kuma ana haƙawa ba a rubutawa. A shekarun 1980 hukumar raya noma da karkara ta jiha, KNARDA, ta yi rijiyoyi masu yawa a karkarar tsohuwar jihar Kano, har da Jigawa ta yau, aka rubuta zurfin kowace da irin ƙasar da aka ratsa da yawan ruwanta. Har gobe in za ni wani gari nakan nemi waɗannan bayanan, sukan rage mini rabin wahala. Rijiyoyin da ake haƙawa a birni yanzu sun ninka waɗancan nesa ba kusa ba, amma inji yana tashi ilimin yake bin iska. Kowace rijiya leƙe ce cikin ƙasar Kano da wani ya riga ya biya kuɗinta, asara ce babba a bar ta ta wuce ba a rubuta ba.

Wannan ne ya mai da ni makaranta na yi digiri na biyu a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da izinin ofis, na kuma koyi zana taswira a kwamfuta. Mai shigowa yanzu ya koyi wannan tun yana ɗalibi, kada ya jira. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ma tana ba da gajerun kwasa-kwasai masu amfani. Albashin ba zai sa ka yi arziki ba, abokaina na kamfanoni sun fi ni nesa, kuma akwai watannin da babu mota babu mai, sai zaman ofis. Duk da haka ban taɓa sha'awar musanya ba, domin a gwamnati ne kawai za ka iya duban ruwan gari gaba ɗaya, ba rijiyar mutum ɗaya da ya biya ka ba.

Ni da abokan aikina biyu mun zaɓi wasu rijiyoyi a unguwanni daban-daban muna auna zurfin ruwansu a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara, don mu san ko yana sauka shekara bayan shekara da kuma inda ya fi sauka. Mun kuma tsara takarda shafi ɗaya da Hausa muna raba wa shugabannin masu haƙa: unguwa, zurfi, mitar da aka sami dutse, mitar da ruwa ya shigo. Wasu suna karɓa su ajiye, suna tsoron haraji ne zai biyo baya, sai mun zauna mun yi bayani. Waɗanda suka fi dawo da ita su ne matasan da suka yi karatun nan suka shiga kamfanonin haƙa, kuma da takardunsu muka fara zana taswirar kaurin ruɓaɓɓen dutse a unguwannin gabashin birni.